Feshin da ke yi wa farin ƙuda tauri

Duk mai ce wa manomin rumfar leda ya ninka feshi don farin ƙuda ya daina jin magani, ni a wurina ba likitan gona ba ne, ɗan kasuwa ne mai neman sayar da kwalba.

Ga yadda abin yake. Farin ƙuda yana maƙale ne a ƙarƙashin ganye, yana tsotse ruwan tumatir da tattasai, wani nau'insa kuma yana yaɗa cutar nannaɗewar ganye. A ɗumin rumfa, daga ƙwai zuwa babba bai wuce mako uku zuwa huɗu ba. In an yi feshi, raunana su mutu, masu taurin rai su tsira su hayayyafa. Manomi ya sake fesa magani iri ɗaya, ya sake tace musu jarumai. Da kuɗinsa yake kiwon abokin gabarsa.

Za a ce ai sai a canza magani. To, canza suna a jikin kwalba ba canza magani ba ne. Imidacloprid da thiamethoxam da acetamiprid 'yan gida ɗaya ne, wuri ɗaya suke kai wa hari a jijiyoyin ƙwaro, wanda ya jure ɗaya sau da yawa yakan jure sauran.

Mai shakka ya dubi Almeriya a kudancin Sifaniya, inda rumfunan leda suka mamaye hekta kusan 30,000. An fara sayar da imidacloprid a 1991, amma kafin shekarar 2000 farin ƙudan can ya soma raina shi. Manoma suka yi ta ƙara feshi, har a ƙarshen 2006 aka gano ragowar haramtaccen magani a tattasansu a Jamus, masu saye suka ja baya. Sai da uwar bari ta sa, daga 2007, suka rungumi sakin ƙananan ƙwari masu cinye farin ƙuda a cikin rumfunan. Dabarar ma ba sabuwa ba ce: tun shekarun 1920 ake amfani da ɗan mitsitsin zanzaron nan Encarsia formosa a Ingila.

Don haka nake cewa mai kafa rumfa a Kano ko Maraɗi kada ya jira irin wannan asara. Ya sa raga mai ƙananan ido a ƙofofi, ya rataya tarkon danƙo mai launin rawaya, ya cire ciyawa, ya riƙa ɗaga ganye yana dubawa kafin ya taɓa famfo. In feshin ya zama dole, ya tambayi mai shago gidan da maganin ya fito. In bai sani ba, kada ya ba shi ko sisi.