Kada Mu Jefar Da Tsohon Rikoda

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in jawo hankalinku ga wani abu da muka mayar tarkace, wato rikodan kaset. A gidaje da yawa yana nan ƙarƙashin gado, ƙura ta rufe shi, an ce ya mutu. Ni kuwa a ganina yawancin waɗannan rikododi ba mutuwa suka yi ba, jinya kawai suke bukata.

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a 1963, kuma aikin rikoda ba shi da wuyar ganewa. Akwai ɗan inji da ke juya wani siririn ƙarfe ta hanyar bel na roba. Wata 'yar taya ta roba tana matse zaren kaset a jikin ƙarfen nan, su biyun su riƙa jan zaren santimita 4.76 a kowace daƙiƙa, yana gogar kan da ke karanta murya.

To, a nan ne cutar take. Idan bel ya saki, sai murya ta riƙa ja kamar mai jin barci. Idan ya daɗe ƙwarai yakan narke ya zama baƙin danƙo, sai a goge a sa sabo daidai girmansa. Idan 'yar tayar ta yi datti ko ta bushe, rikoda ya fara cin zare ke nan. Idan kuwa kan ne ya yi dauɗa, sai murya ta dushe. Maganinsa auduga ce da ɗan sifirit, a goge a hankali. Kada a kankare kan da ƙarfe, kada kuma a bari mai ya taɓa roba. Abin da ya fi ƙarfinmu sai a kai wa mai gyaran rediyo.

Wasu abokaina sukan ce, ina amfanin wannan wahala alhali komai yana cikin waya? Gaskiya ne za a sami waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, a intanet. Amma fa ina za a sami muryar kakanka da ya aiko da saƙo daga uwa duniya? Ina za a sami tafsirin limamin unguwarku, ko kiɗan bikin mahaifiyarka? Waɗannan suna cikin kaset ɗaya tak, kuma zafi da laima suna cin sa kullum. Ba rikoda, ba jin su.

Saboda haka ina roƙon iyaye su ba mu tsofaffin rikododinsu in mun zo hutu. Ina kuma roƙon malamanmu na kimiyya su koya mana buɗe su da gyara su. In sun tashi, sai mu haɗa su da kwamfuta mu kwashe muryoyin tun zaren bai lalace ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya sa mu gane, amin.