ZAUREN UWARGIDA: Tumatir a Kwalba

 

Wata 'yar'uwa daga Bakura ta rubuto mana wasiƙa. Ta ce ta ga hoto a wani littafin girki na Turawa, ga kwalabe jere a kan kanta cike da wasu jajayen 'ya'yan itace da a ke kira ceri, an kuma ce su kan yi shekara ba su lalace ba. Tambayarta ita ce, ko mu ma za mu iya?

To Mama, ceri dai ba ya yi a ƙasarmu. Itacen yana bukatar dogon sanyi irin na can kafin ya yi fure, shi ya sa a ke nomansa a Turkiyya da Amurka da ƙasashen Turai. Lokacinsa kuwa 'yan makonni ne, sai ya wuce. Wannan ne ya sa matansu suka koyi ɗura shi a kwalba. Mu ma muna da namu jan abin da kan zo gaba ɗaya ya kuma ɓace gaba ɗaya, wato tumatir.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Maradun, a shekarar 1978, noman rani ya zauna a ƙasar Maradun da Talata Mafara da Bakura. Wadda ta taɓa shiga kasuwar Mafara ranar Talata a watan Fabrairu ko Maris ta san abin da mu ke nufi. Kwanduna ko'ina, mai saye yana yanga, mai sayarwa yana roƙo, da yamma kuma awaki su ci rabonsu. Amma ku dawo a watan Yuni. Tumatir huɗu ƙanana a faranti, kuɗinsu sai ya sa ki juya baya ki nemi kuka. Ba mu kuma manta da 2016 ba, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Arewa har ya gagari talaka. Ga kuma rashin tsaro da ya addabi ƙasar Zamfara a shekarun nan, wanda ya kan hana manomi zuwa gona, ya hana mota ɗaukar kaya. Uwargidan da ke da ajiya a ɗaka ta rage wa kanta fita. Yusufu ma a Masar ba a shekarun yunwa ya fara tara hatsi ba.

Iyayenmu sun san shanya. A yanka tumatir, a baza a rana, ya zama kauɗa. Ba mu raina wannan ba, da tsohuwar zuma a ke magani. Abin da kawai mu ke roƙo, a bar shanyawa a ƙasa ko a bakin titi, a sami tabarma mai tsabta a kan rumfa. Sai dai kowace mai girki ta san miyar kauɗa ta kan yi duhu, ɗanɗanonta kuma dabam ne. Na kwalba shi ne ya fi kusa da ɗanye.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani Bafaranshe mai yin alewa, Nicolas Appert, shi ya gano cewa in an rufe abinci a kwalba ruf aka dafa kwalbar cikin ruwa, abincin zai daɗe. Ya buga littafinsa a 1810, gwamnatin Faransa ta ba shi ladan faran 12,000. Shi kansa bai san dalili ba. Sai bayan shekaru wajen hamsin Louis Pasteur ya nuna cewa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ne ke ruɓar da abinci, zafi kuwa yana kashe su.

Nan ne mu ke so ku buɗe kunne, gama wannan shi ne ainihin maganarmu ta wannan wata. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin ƙasa, ta kan kuma biyo kayan lambu. Tafasar ruwa ba ta kashe irinta. Wurin da ta fi so shi ne inda ba iska, wato daidai cikin kwalbar da kika rufe. In ta farka a ciki, ta kan zuba dafi mai shanye jiki, likitoci suna kiran ciwon botulizim. Abin da ke hana ta farkawa shi ne tsami. Ceri yana da tsami isasshe, shi ya sa Baturiya ba ta damu. Tumatir yana kan iyaka, sai an ƙara masa. Tattasai da attaruhu da albasa kuwa ba su da shi ko kusa, haka nama da kifi da wake.

Ga kuma al'adarmu: in za mu kai markaɗe, mu kan haɗa kayan miya duka a roba ɗaya. Mu ma mun taɓa faɗawa wannan rami. Wata shekara a zumuntar mata mun markaɗa tumatir da tattasai da albasa tare, har da ɗan mai, muka cika kwalabe muna murna. Ba a yi wata guda ba murafe suka kumbura, ɗaya ta fashe a ƙarƙashin gado cikin dare. Muka yi ta baƙin cikin asara. Daga baya muka gane ashe jinƙai ne Ubangiji ya yi mana, domin dafin nan wani lokaci ba ya wari, ba ya kumbura murfi, ba ya canza launi. Da sun zauna lafiya a ido, da mun ba yaranmu. Saboda haka tumatir shi kaɗai zai shiga kwalba. Tattasai da attaruhu a shanya su, ai sun fi kowa jin rana.

Ga yadda a ke yi. Ki zaɓi tumatir nunanne mai ƙarfi. Wanda ya fashe ko ya soma ruɓa, komai arharsa, ba na ajiya ba ne. Ki wanke, ki markaɗa, ki dafa a tukunya mai faɗi har ruwan ya ragu ya yi kauri. Kwalaben mayonis da na jam suna yi, in dai bakinsu bai tsage ba. Murfi shi ne abin dubawa: sabo ya fi, in kuwa tsoho ne, kada ya zama da tsatsa ko lanƙwasa, robar cikinsa kuma ta kasance lafiya. Ki wanke su da sabulu, ki tafasa, ki bar su da zafinsu, gama tumatir mai zafi a kwalba mai sanyi ya kan fasa ta.

Kowace kwalba mai cin lita ɗaya, ki fara zuba mata ruwan lemun tsami babban cokali biyu. Mai rabin lita, cokali ɗaya. Kada ki ce zai ɓata miya ki rage, ba za a ji shi ba bayan suya. Sa'an nan ki ɗura tumatir, ki bar fili kamar faɗin yatsa ɗaya a sama, ki goge bakin da tsumma mai tsabta, ki rufe. Ki shimfiɗa zane a gindin babbar tukunya, ki jera kwalaben a tsaye, ki zuba ruwan zafi har ya shanye kansu da yatsa biyu. Daga lokacin da ruwan ya soma tafasa sosai za ki fara ƙirga: minti 50 ga mai lita, minti 40 ga mai rabi. Ki aro agogo in ba ki da shi. In wuta ta mutu a tsakani, sai a sake ƙirga daga farko. Mun san itace da gawayi sun yi tsada, shi ya sa ya fi kyau mata uku ko huɗu su haɗa kwando da wuta rana ɗaya, kowa ta ɗauki rabonta. Maƙwabciyarki ma ki kira ta, ko ba 'yar ikilisiya ba ce.

Ki fitar da su, ki ajiye a kan katako ko zane, kada kowa ya taɓa sai gobe. Da safe ki danna tsakiyar murfin. In ya lotsa ciki ba ya motsi, ta kama. In yana ɗagawa yana komawa, wannan ta miyar yau ce. Ki rubuta wata da shekara a jiki, ki ajiye wuri mai duhu da sanyi, can ƙasa kusa da randa, ba saman kabad kusa da kwanon rufi ba. A ci cikin shekara, a fara da wadda ta riga.

Ranar da za ki buɗe, ki duba. Murfi a kumbure, kumfa, furfura, ko wari, ki haƙa rami ki binne. Kada ki ɗanɗana, kada ki ba kaji. Wadda ta fito lafiya ma, ki bar ta ta tafasa minti 10 cikin miya, gama zafi yana lalata dafin ko da bai kashe irin ƙwayar ba. In ba firiji, kwalbar da aka buɗe ta ƙare a ranar, don haka ƙaramin gida ya fi dacewa da ƙananan kwalabe. In kuwa wani ya ci abincin kwalba ko na gwangwani, daga baya ya soma ganin abu biyu-biyu, fatar idonsa ta sauko, haɗiya ta gagara, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A kai shi asibiti nan da nan, a kuma faɗa wa likita abin da ya ci.

'Yar'uwarmu ta Bakura ta kuma tambayi batun mangwaro. Shi ma yana shiga kwalba, amma nunanne ba shi da tsami sosai, yana da tasa ƙa'ida ta sukari da lemu. Ku soma tara kwalabe, za mu ɗauke shi a wata mai zuwa in Ubangiji ya yarda.