Gaz a ƙauye: darasin da ke gaɓar tekun Senegal

Tun 1974 Senegal ta fara jan hankalin iyalai su bar gawayi da itace su koma girki da gaz. Ta fito da ƙananan tukwane, irin mai kilo 6, ta kuma rage kuɗinsu. A Dakar abin ya karɓu. Amma a ƙauyukan tsibiran Salum, irin su Niodior da Dionewar, har yau mata na sarar itacen bakin ruwa don girki da ƙyafe kifi. Ba rashin wayewa ba ne. Tukunyar gaz sai an ɗauko ta a kwale-kwale, kuma kuɗin cika ta a dunƙule ake biya, alhali mai kamun kifi kullum yake samun ɗan abin da ya samu.

A ganina wannan matsalar ce ke gabanmu a Nijar. Tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke fitar da gaz, amma ku fita bayan Maraɗi ko Tawa ku ƙirga gidajen da ke girki da shi. Uwar gida na iya sayen itacen dala ashirin yau, gobe ta sake. Kuɗin tukunya da murhunta a lokaci guda kuwa sai mai albashi.

Mu malamai mun san wa ke biyan wannan bashi. Yarinyar da ta yi sammakon neman itace ita ce ke shigowa aji a makare, idanu jajur saboda hayaƙi. Kowace shekara daji na ƙara nisa, tafiyarta na ƙara tsawo.

Don haka wa'azi a rediyo bai isa ba. A kawo wurin cika tukunya kowace kasuwar mako, a bar ƙungiyoyin mata su sayi tukunyar farko ta hanyar adashi, makarantun da ke dafa wa ɗalibai abinci su fara nuna misali.

Tsoron gobara ma gaskiya ne, kuma maganinsa koyarwa. Ɗaliban da nake horarwa ina nuna musu cewa gaz ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. In an ji warinsa, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa, kada a ƙyasta ashana. Kumfar sabulu ke nuna inda tiyo ke yoyo.

Iyaye, in za a yi lissafin tsadar gaz, a sa har da awannin karatun ƴaƴanmu mata.