Zafin da Ke Saukowa Daga Rufin Kwano

Jama'a, mu daina ɗora wa iska kaɗai laifin zafin ɗakin kwano a watan Afrilu. Ku kwanta a tabarma da azahar, za ku ji zafin yana sauka a goshinku kai tsaye daga sama, kamar an matso muku da murhun gawayi. Kwanon da ya sha rana ne ke watso zafinsa kan bango da daɓe da jikinku, su kuma su mayar masa da wani kaso. Tun 1879 Josef Stefan ya nuna cewa idan zafin abu ya ninka biyu a ma'aunin Kelvin, abin da yake fitarwa yakan ninka sau 16. Kuma abin da ya iya shan zafi, shi ya iya fitar da shi. Shi ya sa tsohon kwano mai tsatsa ya fi sabo mai ƙyalli gasa mutum. Ku leƙa cikin fulas ɗin shayi, wanda James Dewar ya ƙirƙiro a 1892: ƙyallin nan kamar madubi ne ke mayar da zafin ciki. Ni kam ina roƙon maginanmu su riƙa shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli ƙarƙashin kwano, su bar ɗan sarari tsakani, kafin a buga silin.