Hular da ke kan «eût»: a gane ta, a daina bulala a kanta

Duk wanda ya yi lakkwal a Nijar ya san littafin Bescherelle, ya kuma san kusurwar shafin nan inda aka jera sigogin da babu mai furta su a kasuwa ko a ofis. A can ne plus-que-parfait du subjonctif yake zaune. Mun haddace shi muna yara kamar karatun allo, mun rera «que j'eusse, que tu eusses, qu'il eût», aka ba mu maki, muka manta. Ra'ayina shi ne an koya mana shi ta bayan gida. Haddar ba ta da wani amfani, amma ɗalibin Hausa da ke son fassara daga Faransanci ba shi da hanyar kauce wa gane wannan siga idan ya gamu da ita.

Ginin nata ba wuya. Ana ɗauko mataimakin aikatau, avoir ko être, a sa shi a imparfait du subjonctif, sannan a biyo shi da participe passé na aikatau ɗin da ake so. Na avoir su ne eusse, eusses, eût, eussions, eussiez, eussent. Na être kuwa fusse, fusses, fût, fussions, fussiez, fussent. Daga finir sai a sami «que nous eussions fini», daga partir a sami «qu'il fût parti». Idan mataimakin être ne, participe yana bin jinsi da adadin mai aikatawa: «qu'elle fût venue», «qu'ils fussent partis». Kalmomi goma sha biyu ke nan, sauran duk abin da ɗalibi ya riga ya sani ne.

Aikinta iri biyu ne, kuma a nan ne mai fassara yake tuntuɓe. Na farko shi ne daidaita lokuta a tsohon salon rubutu. Idan babbar jimla tana shuɗaɗɗen lokaci, kuma abin da ake tsoro ko shakka ya riga ya wuce, marubuci zai ce «je craignais qu'il ne fût parti». Bafaranshen yau «qu'il soit parti» zai ce, hukumarsa ma ta yarje masa: dokar da ministan ilimi René Haby ya sa wa hannu a watan Disamba na 1976 ta hana a ƙirga wannan sauyi a matsayin kuskure a jarrabawa. Da Hausa dai ma'anar ita ce «ina tsoron ko ya riga ya tafi». Lura da cewa lokacinmu na umartau bai shigo ba sam, ko da yake shi ne littattafan nahawu ke kira subjonctif na Hausa. Wanda ya bi sunan ya rubuta «ina tsoron kada ya tafi» ya mayar da abin da ya wuce abin da ake jira.

Aiki na biyu ya fi daɗi. Sigar tana tsayawa a madadin sharaɗin da bai tabbata ba, shi ya sa tsofaffin littattafai ke kiran ta conditionnel passé na biyu. «S'il fût venu, il m'eût trouvé» daidai take da «s'il était venu, il m'aurait trouvé». Da ita ne Pascal ya yi shahararren zancensa a kan hancin Kiliyobatara da yadda gajartarsa za ta iya sauya duniya. Bahaushe yana da wannan a bakinsa tun yana goye: «Da ya zo, da ya same ni.» Abin da Faransanci ya ajiye wa manyan marubuta, mu da shi uwa take yi wa ɗanta faɗa, da shi ne ma muka gina kalmar da-na-sani. Ban taɓa jin malamin da ya nuna mana wannan a aji ba, alhali minti biyar sun isa.

Sai maganar hula. «Il eut fini» da «il eût fini» furucinsu ɗaya ne, ba kunnen da zai raba su. Ta farko passé antérieur ce, labari take bayarwa na abin da ya auku: «quand il eut fini», wato «da ya gama». Ta biyu, idan tana tsaye ita kaɗai, cewa take «da ya gama» a ɗaya ma'anar, wadda ke nufin bai gama ba. Gyaran rubutun Faransanci na 1990, wanda ya halatta cire hula daga kan i da u a kalmomi da yawa, ya bar ta a wannan wuri saboda aikin da take yi.

Ga abin da ya sa na ce darasin namu ne. Dubi fassarorin biyu: a takarda duka «da ya gama» ne. Faransanci yana rubuta bambancin da ba a ji, Hausa kuma tana furta bambancin da ba ta rubutawa. «Ya zo» na labari mai dogon wasali, da «ya zo» na «sai ya zo» mai gajeren wasali, da «ya zo» na umarni mai karin sauti ƙasa, harufansu ɗaya. Mai fassara dole ya nemi abin da zai tallafi jimlarsa, ya ƙara «bayan» a ta farko, ya kammala ta biyu da «da» ɗinta na biyu, don kada mai karatu ya ɗauki abin da bai faru ba a matsayin tarihi.

Wani zai ce harshen da masu shi suka yar, me ya kai mu tsintarsa? Gaskiya ne ba za mu rubuta wasiƙa da «eussions» ba, kuma ban ga dalilin da zai sa a rage wa yaro maki a Damagaram a kan abin da aka yafe wa yaron Faris tun 1976 ba. Amma littattafan ƙarni na 17 zuwa na 19 cike suke da ita, tana kuma ɓullowa a rubutun masu tsananta salo har yau, musamman a mutum na uku, irin «on eût dit», wato «sai ka ce». Ni da zan tsara darasin, zan ba ɗalibai jimloli goma, rabi da eut rabi da eût, in ce su juya su zuwa Hausa, su kuma karanta fassarar da babbar murya.