Yaran Anguwan Rogo Da Tseren Keke

Ina roƙon Edita ya sam mini ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu, in yi magana a kan wani abu da na tabbata wasunku za su ce, "Wannan kuma mene ne haɗinsa da aikin malanta?" To, ku yi haƙuri ku ji ni tukuna.

A hutun da ya wuce na koma gida Anguwan Rogo. Ran nan da la'asar ina zaune a bencin wani mai gyaran keke, sai ga yara biyar sun yi hayar kekuna, sun ja layi da gawayi, wai za su yi tsere daga nan zuwa gindin wata fal-waya. Huɗu suka fita a guje tun daga farko. Na biyar, wani ɗan gajere mai kaurin cinya, ya lafe a bayan na gaba kamar ba ya so, sai da ya rage 'yan taku kaɗan ya miƙe tsaye a kan feda, ya zabura, ya wuce su duka. Mai gyaran keke ya daka masa tsawa, ya ce in ya tsinka masa sarƙa sai ubansa ya biya. Iyakar ladan da ya samu ke nan. Ni kuwa na yi shiru, gama abin da yaron nan ya yi ba tare da kowa ya koya masa ba, shi ne ainihin sana'ar da wasu mutane a duniya suke ci, suke sha, har sunansu ya kai ko'ina.

Bari in bayyana yadda abin yake, don wanda bai taɓa gani ba. Babban tseren keke na duniya shi ne na ƙasar Faransa, wanda suke kira Tour de France, an fara shi tun 1903. Ana yinsa zango 21 cikin mako uku, tafiyar wajen kilomita 3,500. Kowace ƙungiya tana kawo mahaya 8. A cikinsu akwai gwanin hawan dutse, akwai mai jimirin dogon gudu, sa'an nan akwai wanda zan kira mai zabura, watau wanda aikinsa duka yana cikin mita 200 na ƙarshe. A ranar da hanya take shimfiɗe, za a yi sa'a huɗu ko biyar ana tafiya, shi yana ɓoye a tsakiyar ayari, domin wanda ke bayan wani iska ba ta dukansa, yana rage wajen sulusin wahala. 'Yan'uwansa su ne za su tare masa iska, su ɗauko masa ruwa, in tayarsa ta yi faci su tsaya su jawo shi. Idan an kusa gari sai su jeru a gabansa kamar zagage a gaban dokin sarki, kowa ya ƙarar da ƙarfinsa ya kauce, har ya rage saura zagi guda. Shi ma ya kauce, sa'an nan mai zabura ya fito fili, gudunsa ya kai kilomita 70 a sa'a, kafaɗa da kafaɗa da abokan hamayya, ba abin da ke tsakaninsa da kwalta sai 'yar riga da hular kwano.

Amma fa kada a zaci ɗan gata ne. Idan aka shiga duwatsu, nauyin jikin nan da ke ba shi ƙarfi shi ne ke zame masa kaya. Akwai ƙa'idar lokaci: wanda ya iso bayan an rufe, an kore shi daga tseren ɗungum, ko da jiya shi ya ci. Saboda haka sai ka ga gwarzon jiya yau yana can ƙurya yana haki, yana lissafin mintoci.

Wanda ya sa na ɗauki alƙalami kuwa ɗan Afirka ne, Biniam Girmay, mutumin Asmara ta ƙasar Iritiriya. An haife shi a 2000, ubansa kafinta ne. A 2018 aka kai shi makarantar horon mahaya ta hukumar tseren keke ta duniya a garin Aigle, ƙasar Suwizalan. A 2021 ya zo na biyu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 23 a Beljiyam. Ran 27 ga Maris, 2022, ya ci tseren Gent-Wevelgem, a ƙasar da tseren keke yake kamar dambe a wurin mahauta. Bayan wata biyu bai cika ba, ya ci zango na 10 a babban tseren Italiya, ya kayar da Mathieu van der Poel a garin Jesi. Ku ji ikon Allah: a kan dandamalin karɓar kyauta, murfin kwalbar da aka ba shi don murna ya fallo ya buge shi a ido, aka wuce da shi asibiti, kashegari bai iya ci gaba da tseren ba. A 2023 ya yi mummunar faɗuwa a tseren Filandas, kansa ya bugu. A 2024 ya shiga tseren Faransa ya ci zango uku, na farkonsu a Turin ran 1 ga Yuli, ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a wannan tsere. Ya faɗi a kusa da ƙarshen zango na 16, ya tashi da ƙujewa a gwiwa, ya daure har aka gama a birnin Nice, ya tafi gida da koriyar riga, wadda tun 1953 ake ba wanda ya fi tara maki. A 2025 ya koma, bai ci zango ko ɗaya ba. Haka sana'ar take, bana kai ne, baɗi wani.

Mutane da yawa da suka ji labarin nan sai su ce baiwa ce. Lalle baiwa ce, ban musa ba. Amma ni ra'ayina shi ne baiwar ba ta fi ta yaron nan na Anguwan Rogo nisa ba, abin da ya raba su shi ne shi Girmay ya tashi a garin da ake yin tsere. Italiyawa ne suka kai keke Iritiriya a zamanin da suke mulkinta, 'yan ƙasa suka karɓe shi ya zama nasu, har a 1946 aka fara yin tseren zagaye ƙasar. A Asmara akan rufe titi a ƙarshen mako, yara su yi tsere, jama'a su cika bakin hanya suna kallo. Yaron da ya yi tsere ɗari kafin ya kai shekara goma sha takwas ya riga ya san inda zai lafe, ya san lokacin fita, ya san yadda ake shan kwana a cikin cunkoso. Kafin Girmay ma akwai Daniel Teklehaimanot, wanda ya sa rigar gwanin hawan dutse a tseren Faransa na 'yan kwanaki a 2015. Watau akwai turba, ba daga sama ya faɗo ba.

To, mu fa? Allah ya ba mu tudu. Jos tana wajen mita 1,200 sama da teku, duwatsun Shere sun haura mita 1,800. Gaskiya ne Asmara ta kusa ninka mu, tana wajen mita 2,300, kada in cika baki. Duk da haka a Nijeriya ba babban garin da ya fi mu sanyin da mutum zai yi sa'a huɗu a kan keke bai narke ba. Ga hanyar Bukur zuwa Barikin Ladi da Mangu har Pankshin, ga gangaren hanyar Bauchi, ga Hawan Kibo ga wanda yake ji da kansa, ko da yake wannan ba zan kai ɗan kowa can ba sai an tsai da manyan motoci. Kuma ba a ce ƙasar nan ba ta fid da 'yan wasa ba. Ahmed Musa da Mikel Obi duk a Jos suka tashi, masu dogon gudu na wajen Pankshin kuwa an san su a ƙasa duka. Me ya sa ƙwallo ta fid da mutane keke bai fitar ba? Domin kowace makaranta tana da fili da raga da malamin wasanni mai usur. Keke kuwa mun bar shi a matsayin abin hawan wanda bai samu babur ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Na farko kuɗi. Keken da manyan nan ke hawa, wanda doka ta ce kada ya gaza kilo 6.8, kuɗinsa ya fi na wata motar. Ko ƙasa ma abin yana ba ta wuya. A wasannin Olimfik na Faris a 2024, Ese Ukpeseraye ta hau wa Nijeriya keke a tseren titi, sa'an nan aka ba ta gurbi a tseren cikin fage a makare, ba ta da irin keken da ake bukata, sai 'yan ƙungiyar Jamus suka ara mata. Mutane suka yi ta surutu a intanet kwana biyu, aka manta. Ni abin da ya fi damuna ba aron ba ne. Muna da fagen tseren keke a Abuja tun wasannin Afirka na 2003, amma yara nawa ne daga makarantun jihar nan suka taɓa taka shi? An gina rufi, ba a yi harsashi ba.

Amsata ga maganar kuɗi ita ce, harsashin ba ya bukatar keken Turai. A sa doka guda: kowa ya zo da keken gida, mai giya ɗaya, birki biyu masu kamawa. In kekunan duka masu nauyi ne, ai an yi adalci, ƙafa da dabara ne za su raba gardama. Makarantu huɗu ko biyar su haɗa kai, a nemi izni wurin 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra, a rufe wani zagaye na kilomita biyu ran Asabar da sassafe, sau ɗaya a wata. A raba yara bisa shekaru. A sami littafi mai bango a riƙa rubuta suna da lokaci, gama tseren da ba a rubuta ba kamar darasin da ba a yi wa jarrabawa ba ne, ba mai sanin wa ya ci gaba. Abu ɗaya da ba zan yarda a yi rangwame a kansa ba shi ne hular kwano. In guda goma kaɗai aka iya saye, to, a riƙa sakin yara goma goma. Mutanen Barkina Faso ba su fi mu arziki ba, amma tun 1987 suke da tseren zagaye ƙasarsu, Ruwanda kuwa a 2025 ta karɓi baƙuncin gasar duniya a Kigali, karo na farko a Afirka.

Magana ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta iyaye. Uba zai ce, "Malam, na kawo maka yaro ka koya masa karatu, kai kuma kana so ka karya mini shi." Yana da gaskiya ya ji tsoro. A 2020 wani mai zabura ɗan Holan, Fabio Jakobsen, ya afka cikin shinge a ƙarshen wani zango a ƙasar Folan, da ƙyar aka ceto ransa. Ko Mark Cavendish, wanda ya fi kowa cin zango a tseren Faransa, guda 35, ya wuce Eddy Merckx mai 34, ya sha ciwo mai tsawo tun daga 2017, aka bar shi a gida a 2019, ya karya ƙashin wuya a 2023, sai a 2024 yana da shekara 39 ya cika burinsa, ya ajiye keke a ƙarshen shekarar. Wannan shi ne wanda ya yi sa'a. Akwai ɗaruruwa da suka ƙare ƙuruciyarsu suna tare wa wani iska, ba wanda ya san sunansu. Saboda haka malamin da zai ce wa yaro ya bar littafi ya bi keke, maci amana ne. Ni cewa na yi a buɗe ƙofa a cikin makaranta, a ƙarƙashin idon malami, wanda bai ci jarrabawa ba kada ya hau layi. Yaran nan ko mun so ko mun ƙi suna tsere, sai dai suna yinsa a tsakanin Keke Napep da tirela, ba hula, ba mai duba birki.

Akwai kuma wani abu da ban so in tsallake ba, ko da yake ba a son faɗinsa. Tun rikicin 2001, da na 2008, da na 2010, garin nan ya rabu, akwai yaran da aka haifa a Anguwan Rogo har suka yi gemu ba su san wasu unguwannin Jos ba sai a baki, haka su ma na can. Ƙwallo ana iya bugawa kowa a filinsa. Keke ba ya yiwuwa haka, tilas ka fita, tilas hanya ta ratsa da kai ta ƙofar wani. Kuma wanda zai sa tayarsa taƙi ɗaya a bayan tayar wani ana gudu, dole ya amince da shi. Ban ce wannan zai warkar da abin da manya suka kasa ba, amma ƙungiyar makaranta da ta haɗa yaro daga nan da yaro daga can, ɗaya zagi ɗaya mai zabura, ta yi wani aiki.

'Yan mata ma kada a ce ba su ciki, ai wadda ta kai mu Faris mace ce. Makarantun mata suna iya yin nasu a cikin harabarsu, da suturar da iyaye suka yarda da ita.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, nan da shekara ɗaya ko biyu za a rarraba mu makarantu, kuma sabon malami shi akan jibga wa aikin wasanni, ko yana so ko ba ya so. Ni dai na riga na yi magana da mai gyaran keken nan. Da farko ya ce ba ruwansa, da na ce za a biya haya a kuma sayi sarƙa in ta tsinke, sai ya ce yana da kekuna shida masu lafiya, biyu kuma in an canja musu birki za su yi. Wanda yake son mu gwada a lokacin koyarwar gwaji mai zuwa, ya same ni bayan sallar la'asar a bakin ɗakin karatu, ya zo da agogon da ke nuna daƙiƙa in yana da shi.