Baƙon Malami Da Akushin Tuwo

Maganar yau ta shafi baƙon malami, watau mutumin da ya bar garinsu ya tafi wata ƙasa don ya koyar da Turanci, da kuma abin da ke sa ya zauna ko ya naɗe tabarmarsa. Mutane da yawa za su ce albashi ne da masauki da tsaro. Gaskiyarsu, ba mai musun haka. Amma akwai wani abu guda da ba a rubuta shi cikin takardar ɗaukar aiki, alhali kuwa sau da yawa shi ke raba gardama. Wannan abu shi ne akushin tuwo, watau ko an kira baƙon ya ci, kuma ko shi baƙon ya sa hannu.

A ɗauki Dapchi, hedkwatar ƙaramar hukumar Bursari ta Jihar Yobe, a kan hanyar da ta tashi daga Damaturu ta nufi Gashuwa. Yaron wannan yanki ya kan tashi da harshen Kanuri ko na Bade ko Fillanci a gida, ya yi Hausa a kasuwa, ya karanta Larabci a makarantar allo. Turanci shi ne na huɗu, kuma ba ya jin sa ko'ina sai a aji. Duk da haka in bai ci Turanci da kyau a jarrabawar WAEC ko NECO ba, ƙofar jami'a a rufe ta ke, ko da kuwa ta Tarayya ce da aka kafa a Gashuwa a 2013, nan kusa da gida. Saboda haka malamin Turanci a Dapchi mabuɗi ne, in ya tafi kuwa ya tafi da rabon yara masu yawa.

Arewa ta daɗe tana karɓar irin waɗannan baƙi. An kafa ƙungiyar VSO ta masu aikin sa-kai a Ingila a 1958. Amurka ta kafa Peace Corps a 1961, zamanin Shugaba Kennedy, aka kuma kafa CUSO a Kanada a wannan shekara. Samari da 'yan mata na waɗannan ƙungiyoyi sun koyar a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai na ƙasar nan. Da Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a 1976, sai makarantu suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan, aka yi ta ɗauko su daga Indiya da Pakistan da Filifin da Gana. Yawancin 'yan Gana sun tashi a 1983, sa'ad da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardun zama. Daga baya kuma, a 1987, gwamnatin Janar Babangida ta kafa shirin aika ƙwararrun Nijeriya, har da malamai, su yi shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Pasifik. Ke nan ɗan ƙasar nan ya karɓi baƙo, shi ma ya yi baƙunci.

Mazauna Badun sun san wani labari da ya kamata kowane baƙon malami ya ji. A watan Oktoba 1961, wata budurwa daga cikin rukunin farko na Peace Corps, waɗanda ake horarwa a Kwalejin Jami'a ta Badun, ta rubuta katin gaisuwa zuwa Amurka. A ciki ta bayyana talaucin da ta gani, har da cewa a bakin titi mutane ke dafa abinci. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, suka yaɗa shi, suka yi zanga-zanga, ala tilas budurwar ta bar ƙasar. Ba ta daɗe da sauka ba, kuma ba da mugun nufi ta yi ba. Sai dai tukunyar da ta hanga a bakin titi ta ɗauke ta alamar wahala, ita ce ke ciyar da ɗaliban da ta zo koyarwa.

A yau baƙon malami a Dapchi galibi ɗan bautar ƙasa ne, daga shirin da Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1973 bayan yaƙin basasa, don 'yan ƙasa su san juna. Saurayin da aka haifa a Ondo ko Owerri, in aka sauke shi a Dapchi, tamkar ya bar ƙasar ne. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu, ga harshen da bai sani ba. Ya saba da sakwara da teba, sai ga shi gaban burabusko da miyar yakuwa, ko tuwon gero da miyar kuka. Da yamma abokan aiki su miƙo masa soyayyar fara da yaji, da rana a dama fura da nono a ba shi ludayi.

A nan ne hanya ta ke rabuwa biyu. Wani ya kan ce ya gode, ya shige ɗaki ya dafa taliyar leda, yana ƙidaya watanni. Wani kuwa ya kan wanke hannu ya zauna. Na farko ya gama shekara bai san sunan mahaifin ɗalibi ko ɗaya ba. Na biyu kuwa, kafin wata uku, ya iya gaisuwa da Hausa da Kanuri, ya san ranar kasuwa, ya san dalilin da ya sa aji ke raguwa lokacin girbi.

Kada a zaci wannan sha'anin zumunci ne kaɗai, domin yana taɓa aikin koyarwar kansa. Malamin da ya zauna bakin tabarma zai lura cewa yaransa suna haɗa harafin "p" da "f" ne saboda Hausa ba ta bambanta su, sai ya daina ce musu daƙiƙai ya nemi dabarar gyarawa. In zai ba da insha'i, maimakon ya ce a rubuta labarin hawa jirgin sama, sai ya ce kowa ya bayyana yadda ake dama fura, ko yadda ake banda kifi a bakin kogi a Gashuwa. Yaron da ya san abin da zai faɗa, kalmomi kawai ya ke nema, wanda bai sani ba kuwa sai ya kwafi na maƙwabcinsa. Bugu da ƙari, uban da ya ci abinci da malami ya fi saurin sauraronsa ranar da ya zo roƙon a bar yarinya ta ƙare aji shida.

Lalle akwai masu cewa tuwo ba ya gina katanga, kuma ba ya tare bindiga. Maganarsu tana da nauyi. A watan Fabrairu 2014 an kashe ɗalibai da dama a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi. Ran 19 ga Fabrairu 2018 'yan Boko Haram suka kwashe 'yan mata 110 daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta 'Yan Mata da ke Dapchi. Ran 21 ga Maris aka dawo da mafi yawansu, biyar sun rasu, aka kuma riƙe Leah Sharibu. Ba wanda zai ga laifin uwar da ke Ikko in ta ce a nema wa ɗanta canjin jiha. Tsaron makaranta wajibin gwamnati ne, kuma ba wata karimcin gari da za ta sauke mata wannan nauyi. Amma wanda ya yi ƙarfin hali ya zo, bai kamata a bar shi da kaɗaici ba. Baƙon da gari ya sani shi ake ƙwanƙwasa wa ƙofa in an ji ƙishin-ƙishin.

Shi ma mai masauki akwai ladabin da ke kansa. Kada a yi wa baƙo dariya in ya ga fara ya ja da baya, domin shi ma mai dariyar haka zai yi in aka ajiye masa dodon koɗi. A ba shi ruwa mai tsabta, don cikin baƙo bai saba ba. In Kirista ne yana azuminsa, a girmama shi, shi kuma ya guji ci a gaban ɗalibai da rana cikin watan Ramalana. In mace ce, matan gida su ja ta ciki. Shugaban makaranta kuma ya tsara yadda kowane malami ɗan gari zai ɗauki baƙo guda, ko da sau ɗaya a mako. Zo ka ci tuwo, in ji Hausawa, ya fi tuwon daɗi.

To, ina ruwan mazauna Kudu da wannan zance? Ai su ne suka fi kowa sanin ɗacin baƙunci. Tun da layin dogo ya isa Nguru a 1930, gyaɗa da busasshen nama da kifi banda ke gangarowa Kurmi, mutane na biye da su. Mai sayar da tattasai a Mil 12, da fatoman shanu a Agege, da mai goro a Shagamu, da wanda aka haifa a Sabon Badun, kowa baƙo ne a ƙasar wani, kuma 'ya'yansu a hannun malaman Yarabawa da Ibo su ke koyon Turanci. Sai dai da yawa sun shekara ashirin ba su taɓa ɗanɗana amala da ewedu a gidan maƙwabci ba. Tsoron haram hujja ce, amma maganinsa tambaya. Musulmi suna da yawa cikin Yarabawa, kuma wanda ba Musulmi ba ma, in an tambaye shi abin da ke cikin tukunya da ladabi, zai faɗa.

Saboda haka ga shawara. Duk ɗan Arewa da ya ji an tura ɗan maƙwabcinsa bautar ƙasa Yobe, ya je ya gai da iyayen, ya ba yaron lambar wayar ɗan'uwansa a Dapchi ko Nguru ko Gashuwa, sa'an nan ya kira gida ya ce ga amana nan tafe. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna iya mai da wannan al'ada ta kowace shekara, ba tare da kashe ko kwabo ba. Ranar Sallah kuma a aika wa malamin yara akushi, in ya rama da nasa a karɓa da hannu biyu.

Allah ya ba ƙasar nan zaman lafiya, ya mai da kowane baƙo gida lafiya, amin.